WA KE TUHUMAR MASU BINDIGA? Tarihin sa idon Majalisa a kan tsaro, daga Dandin Mahe zuwa Abuja

 Kamar kullum, ga shirinmu na wannan mako a rubuce saboda waɗanda data ko sabis bai ba su damar saurare ba. Yana da ɗan tsawo, ku gyara zama.

Kwanakin baya na je Dandin Mahe, a ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabciyar Boɗinga. Bayan isha'i muna zaune wajen mai shayi, rediyo na kunne, sai aka karanto cewa Majalisar Tarayya ta yi shiru na minti ɗaya saboda wasu da 'yan bindiga suka kashe, ta kuma umarci wani kwamiti ya bincika. Wani dattijo da ke gefena ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce: "Yaro, kai da kag yi boko, kullum muna jin majalisa ta zamna. To in sun zamna, mi sunka yi muna?"

Na ce, "Baba, a ba ni lokaci in binciko." Shirin yau shi ne amsar da na samo masa.

Tambayar ita ce: mutumin da gwamnati ta ɗauka aiki, ta ba shi kaki da bindiga da kuɗi don ya tsare mu, wa ke da ikon kiransa ya ce zo ka yi bayani? Kuma a tarihinmu, yaushe wannan kira ya yi amfani, yaushe ya tashi a banza?

TAMBAYAR TA GIRMI NAJERIYA

Daga Dandin Mahe zuwa Sifawa ba wata tafiya ba ce. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan yaƙe-yaƙen farko na jihadi, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. A littafinsa Kitabul Farƙ, Shehu ya jera laifukan sarakunan da aka yaƙa, ciki har da ƙwace dukiyar talaka da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara. Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami don nuna wa masu mulki iyakarsu. Wato tun sama da shekara 200, a wannan ƙasar da muke takawa, an san cewa mai riƙe da sanda yana buƙatar mai duba shi.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ba su rushe dogarai ba. Sun bar su a hannun sarakuna, daga baya aka yi musu kaki da horo suka zama 'yan doka, wato 'yan sandan En'e. A gefe guda kuma akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe na Arewa da na Kudu a 1930 suka zama rundunar 'yan sandan Najeriya. Talakan ƙauye ya fi sanin ɗan doka. En'e ke da ɗan doka, ita ke da kotun alƙali, ita ke da gidan yari. Idan En'e ta zalunce ka, ƙararka ma gun En'e za ka kai. Kun ga kura ce aka ba ajiyar nama.

RANAR DA MALAMIN MAKARANTA YA MIƘE

A watan Agusta 1950, a Majalisar Dokokin Arewa da ke Kaduna, wani malamin makaranta daga Bauchi ya miƙe ya gabatar da ƙuduri. Sunansa Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekarunsa 37 a lokacin. Ya nemi a kafa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin En'e baki ɗaya, ya yi maganar cin hanci da yadda talaka ba shi da bakin magana a mulkin garinsu. A zamanin da sarki ke iya sa a ɗaure mutum saboda ya ɗaga murya, wannan ba ƙaramar kasada ba ce.

Ƙudurin ya wuce. Gwamnati ba ta kafa hukumar da ya nema ba, sai ta sa wasu jami'anta Turawa biyu, Maddocks da Pott, suka zagaya suka rubuta rahoto. Amma magana ba ta mutu a rahoto ba. A 'yan shekarun da suka biyo baya an soke tsarin da sarki shi kaɗai ne hukuma, aka ce sai ya yi aiki da majalisarsa, sannan aka yi sabuwar dokar En'e a 1954.

Ku riƙe wannan jerin, don za mu auna sauran labarai da shi: an yi tambaya a zaure, an yi bincike, an fitar da rahoto, an canza doka. Matakai huɗu ke nan.

Gyaran bai kai ko'ina da ko'ina ba. 'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a cikin wannan wata na Agusta 1950, sun ci gaba da shan kamu da ɗauri a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai har ƙarshen jamhuriya ta farko. Wannan yana cikin dalilan da suka sa bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka yanke shawarar narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya, aikin da aka kammala a farkon shekarun 1970. Tun daga nan Najeriya take da rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak, kuma linzaminta na hannun gwamnatin tarayya. Wannan ya sa aikin sa ido ya koma wuyan Majalisar Tarayya.

MU LEƘA AMURKA NA MINTI BIYU

Dalilin leƙawar shi ne tsarin mulkin shugaban ƙasa da muke bi yanzu daga can muka aro shi. A wannan shekara ta 1950, Majalisar Dattawan Amurka ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sanata Estes Kefauver don nazarin ƙungiyoyin miyagu masu caca da fasa-ƙwauri. Kwamitin ya zagaya birane 14, ya saurari shaidu sama da 600, aka nuna zaman a talabijin miliyoyin mutane suna kallo. Jama'a suka ga da idonsu yadda wasu 'yan sanda da 'yan siyasa ke cin abinci da miyagu.

A 1975 kuma kwamitin Sanata Frank Church ya juya kan jami'an tsaron da kansu, ya tono yadda hukumomin leƙen asiri suka riƙa bibiyar 'yan ƙasa, har da Martin Luther King. Sakamakonsa: a 1976 aka kafa kwamitin dindindin mai sa ido kan leƙen asiri a Majalisar Dattawa, a 1978 aka yi dokar da ta ce sai da izinin wata kotu ta musamman za a saurari wayar mutum da sunan tsaron ƙasa. Ba wai Amurkawa waliyyai ba ne. Abin lura kawai shi ne an cika matakan nan huɗu.

ZAMANIN ƊAN GIDA

Mu dawo gida. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, shi ma malamin makaranta ne, kuma ta majalisa ya shiga siyasar ƙasa: an zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai a 1954. Ranar 1 ga Oktoba 1979 ya zama shugaban ƙasa a ƙarƙashin sabon tsarin mulki, wanda ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa majalisa na da ikon bincikar duk wata hukuma da take yi wa doka ko take ware wa kuɗi.

Ba a daɗe ba jarrabawa ta zo, kuma a tsohuwar Jihar Sakkwato. Manoman da aikin madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talata Mafara, ya cinye wa gonaki sun tare hanyoyi suna neman diyya. Ranar 28 ga Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, wasu masu bincike suka ce sun haura 300. Sama da shekara 40 ke nan, har yau babu adadi ɗaya da kowa ya yarda da shi. A lokacin, gwamnan jiha Shehu Kangiwa da shugaban ƙasa duk 'yan NPN ne, kuma NPN ke da rinjaye a majalisar jihar. A ganina darasin a fili yake: idan mai tambaya da wanda za a tambaya suna cin tuwo a kwano ɗaya, tambaya nauyi take yi a baki.

A Disambar wannan shekara rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka mutu. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Anthony Aniagolu, aka yi zama, aka rubuta rahoto. Amma mabiya Maitatsine sun sake tashi a Bulumkutu da Kaduna a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. Rahoto in ba a bi shi da aiki ba, abincin gara ne.

Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da Shagari. Duk lokacin da soja ya karɓi mulki, ma'aikatu suna ci gaba da aiki, kotuna suna zama, 'yan sanda suna kan titi, majalisa ce kaɗai ake garƙamewa. Daga 1960 zuwa 1999 soja ya yi kusan shekara 29 yana mulki. Shi ya sa jami'an tsaronmu suka girma ba su saba a tambaye su ba, majalisa kuma ta girma ba ta saba tambaya ba. A irin wannan yanayi aka kafa SARS a 1992.

MAKAMAN DA KE HANNUN MAJALISA

Tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya, mai sanatoci 109 da wakilai 360, manyan makamai uku.

Na ɗaya, bincike. Sashe na 88 ya ba ta ikon bincikar kowace hukuma don gyara doka ko tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowa ya ba da shaida, ta nemi takardu, in mutum ya ƙi zuwa ta ba da sammacin kamo shi.

Na biyu, lalita. Ba a taɓa kuɗin gwamnati sai majalisa ta amince a kasafi, kuma Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya gabanta yake kai rahotonsa.

Na uku, doka. Ita ke rubuta dokar da ɗan sanda da soja ke aiki da ita.

Amma akwai gibi. Majalisa ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa. Ƙudurin da take yankewa shawara ce, shugaban ƙasa na iya ajiye ta a aljihu. Sammacin da take bayarwa kuma, wa zai aiwatar da shi? Ɗan sanda. To idan shugaban 'yan sandan ne ya ƙi zuwa fa? Ba tatsuniya nake ba, ya faru.

LABARI HUƊU DAGA ABUJA

Na farko, kuɗin fansho. A 2012 kwamitin haɗin gwiwa na Majalisar Dattawa, wanda Sanata Aloysius Etok da Sanata Kabiru Gaya suka jagoranta, ya binciki kuɗin fansho, ciki har da na 'yan sanda. Biliyoyin naira na tsofaffin da suka ƙare ƙuruciyarsu a bakin aiki sun yi ɓatan dabo. EFCC ta gurfanar da wasu jami'ai. A Janairu 2013 ɗaya daga cikinsu, John Yakubu Yusuf, ya amsa laifi, kotu ta ce ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000. Ya biya ya tafi gida. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka ɗaukaka ƙara, a 2018 aka mayar da hukuncin shekara shida tare da umarnin ya dawo da naira biliyan 22.9. Shi kuwa Abdulrasheed Maina, shugaban kwamitin gyaran fansho, ya ƙi amsa kiran majalisa, aka ba da sammaci a kansa, 'yan sanda ba su kawo shi ba, ya bar ƙasar. A 2017 sai ga shi an mayar da shi aikin gwamnati a ɓoye, sai da aka yi ca aka kore shi. Daga baya ya tsallake beli, aka kamo shi a Jamhuriyar Nijar a ƙarshen 2020, kotu ta ɗaure shi shekara takwas a Nuwamba 2021. Tara shekara daga tambaya zuwa hukunci. Ya yi jinkiri, amma ya zo, saboda 'yan jarida da jama'a sun ƙi sakin maganar.

Na biyu, Sufeto Janar da ya ƙi zuwa. A 2018 Majalisar Dattawa ƙarƙashin Bukola Saraki ta gayyaci Ibrahim Idris har sau uku, kan kama Sanata Dino Melaye da kuma kashe-kashen da ake yi a ƙasa. Bai zo ba, ya turo mataimakinsa, yana cewa doka ta ba shi damar wakilci. Ranar 9 ga Mayu 2018 majalisa ta ayyana cewa bai cancanci riƙe muƙami ba. Me ya faru? Ya ci gaba da zama a kujerarsa har ya yi ritaya a Janairu 2019. Kuma mu faɗi gaskiya, haɗa maganar jinin talaka da maganar sanata ɗan uwansu a gayyata ɗaya ya rage wa majalisa kwarjini. Wata biyu bayan nan, a Yuli 2018, aka kai harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, aka kashe mutum sama da 30.

Na uku, kuɗin jirage. A wannan shekarar ta 2018 ta bayyana cewa gwamnatin Buhari ta ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin ɗanyen mai ta biya Amurka kuɗin jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, kafin majalisa ta amince. Shugaban ya aiko wasiƙa daga baya yana cewa wa'adin ciniki ne ya matse. Wani sanata har ya ambaci tsigewa, daga nan ƙura ta lafa. Jiragen sun iso a 2021, kuma ba wanda ya ce ba a buƙatarsu. Amma ƙofar da aka ɓalla don alheri, gobe ɓarawo ma zai bi ta nan. Haka a Disamba 2020, bayan yankan manoman shinkafa a Zabarmari, Majalisar Wakilai ta gayyaci Buhari ya zo ya yi bayani. An sa rana, sai Ministan Shari'a Abubakar Malami ya ce majalisa ba ta da hurumin kiran shugaban ƙasa kan sha'anin tsaro. Bai zo ba.

Na huɗu, bindigogi. Wannan ya fi shafar mu. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na shekarar 2019 ya ce zuwa Disamba 2018 akwai makamai da harsasai 178,459 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ya kuma ce zuwa Janairu 2020 akwai wasu bindigogi 3,907 da ba a gani a lissafi ba. Labarin ya fito a jaridu a farkon 2022. Sai a Fabrairu 2025 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya bayyana gaban kwamitin Majalisar Dattawa mai bin diddigin kuɗin gwamnati, wanda Sanata Aliyu Wadada ke shugabanta. Rundunar ta musa cewa bindigogin sun ɓace, ta ce da yawa suna hannun jami'an da suka fita aiki lokacin da aka zo ƙidaya, wasu kuma an ƙwace su a hare-hare. Wataƙila haka ne. To ai maganin gardama lissafi: lambar kowace bindiga, ofishin da aka ba, hannun da ya sa. Ga mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe a ƙauyukan Shagari da Tureta da Kebbe, tambayar inda AK-47 ɗin gwamnati ta shiga tambaya ce ta rai da mutuwa.

Kafin mu wuce, su masu tambayar fa? A 2012 Farouk Lawan ya jagoranci binciken tallafin man fetur a Majalisar Wakilai, lokacin Aminu Waziri Tambuwal na kakaki. Rahoton ya girgiza ƙasa. Sai ga shi kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 daga Femi Otedola don cire sunan kamfaninsa daga jerin masu laifi, aka yanke masa hukunci a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a 2024. Bincike ɗaya da aka sayar yana zubar da mutuncin goma na gaskiya.

INDA AKA YI ABIN KIRKI

Kada a ce mun zo yin zagi kawai. A Satumba 2020 aka sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda, wadda ta maye gurbin ta Turawa ta 1943. Ku dubi tazarar, shekara 77. A cikin wannan doka:

An hana kama wani a madadin wani. Ba a tsare uba don ɗansa ya gudu, ko mata don mijinta.

An hana kama mutum kan rikicin bashi ko ciniki da ba laifi a ciki.

An ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa kowane wata, ya duba waɗanda ke tsare.

Akwai kuma dokar 2017 da ta haramta azabtarwa. Waɗannan duk aikin majalisa ne, kuma makami ne a hannunka in ka san da su. Saura mataki na biyar da tarihinmu ya nuna mun fi sakaci da shi: komawa a duba ko ana bin dokar.

MU DAWO SAKKWATO

A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato. Ranar 29 ga wannan wata Sanata Ibrahim Gobir na Sakkwato ta Gabas ya gabatar da ƙuduri kan halin da yankinsa ke ciki, Majalisar Dattawa ta nemi a ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. A ƙarshen Nuwamba kotun tarayya ta yi hakan, a Janairu 2022 gwamnati ta fitar da sanarwar a hukumance. Ga ƙudurin da ya kai ga wani abu. Amma a tsakanin nan an kashe mutum sama da 40 a kasuwar Goronyo a Oktoba, an ƙona matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni a Disamba. Canza wa ɓarawo suna abu ne mai sauƙi. Mai wuya shi ne a zaunar da kwamanda a tambaye shi: ƙarfe nawa aka kira ku, ƙarfe nawa kuka iso, mota nawa gare ku, nawa aka ware muku na mai, nawa ya iso hannunku?

Yanzu kuma ga sabon babi. Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato, mai kujeru 30, ta yi dokar kafa rundunar tsaron al'umma, Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar da ita a 2024. Ana kuma ta muhawarar 'yan sandan jihohi, abin da ba zai yiwu ba sai an gyara tsarin mulki da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi: ɗan gari shi ya san daji, kuma a tsarin yanzu kwamishinan 'yan sanda na iya cewa sai ya ji daga sama kafin ya bi umarnin gwamna. Masu tsoro su ma suna da hujja, sunanta 'yan doka. Sashe na 128 da 129 sun ba majalisar jiha irin ikon binciken da ta tarayya ke da shi. Kafin a miƙa wa kowane gwamna bindiga, na kowace jam'iyya, a fara tambaya: majalisar jiharsa ta taɓa kiran kwamishinansa ta titsiye shi a bainar jama'a? Ta taɓa neman bayanin kuɗin tsaron da gwamnoni ke kashewa ba tare da rasit ba? Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa irin wannan kuɗi a faɗin Najeriya ya kai dala miliyan 670 a shekara.

TO MU INA NAMU?

Mutumin Dandin Mahe yana da ɗan majalisar jiha, yana da wakilin Yabo da Shagari a Majalisar Wakilai, maƙwabcinsa na Boɗinga yana da na Boɗinga da Dange-Shuni da Tureta, dukansu kuma sanata ɗaya gare su, na Sakkwato ta Kudu, kujerar da Tambuwal ya hau a 2023. Wanda ya yi shekara huɗu yana kakakin majalisa, ya yi takwas yana gwamna, ba za a koya masa yadda ake bincike ba. Sai dai a tambaye shi, shi da sauran.

Mu kuma da laifinmu. Idan ɗan majalisa ya zo gida, me muke tambayarsa? Babur, taki, kuɗin suna, kujerar Makka. Ya gane cewa buhun shinkafa ya fi kawo ƙuri'a a kan rahoton kwamiti, don haka shinkafar yake kawowa. Ba na ce a ƙi karɓa ba, talauci gaskiya ne. Amma a haɗa da tambaya huɗu:

Wane kwamiti kake ciki, kuma yaushe kuka zauna kan tsaron yankinmu?

Ƙudurin da ka gabatar, ina rahotonsa? A karanta mana a rediyo da Hausa.

Nawa aka ware wa tsaro a kasafin bana, nawa aka saki?

Yaushe majistare ya ziyarci ofishin 'yan sandan yankinmu?

Akwai kuma hanyar takarda. Majalisun tarayya biyu kowacce na da kwamitin karɓar koke-koken jama'a. Ƙungiyar matasa ko ta manoma na iya rubuta koke da kwanan wata da sunan ƙauye da abin da ya faru, a sa hannu, a ba ɗan majalisa ya gabatar a zaure. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba hukumar tarayya kwana bakwai ta amsa wasiƙar mai neman bayani. Ku ajiye kwafi, ku ɗauki hotonsa. In an yi shiru, shirun ma hujja ce ranar kamfen.

Na koma wajen dattijon nan na faɗa masa duk wannan. Ya yi shiru, can ya ce: "Ashe dai aikin nan akwai shi, mu ne ba mu biɗa ba." Na ce, "Baba, akwai shi, kuma da kuɗinku ake biyan masu yin sa."

A nan za mu dakata. Ku faɗa mana a ƙasa: a mazaɓarku, ɗan majalisarku ya taɓa tara ku ya yi muku bayanin abin da kwamitinsa ya gano kan tsaro? A faɗi gari, a faɗi shekara, ban da zagi don Allah. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.